Miyar Baba, Ba Barkono Ba Sukari

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwata ta hagu da ba ta ga-maciji da matakalar gidan ubanki. Yayanki direba ya leƙo mu, ya sha ruwa a tsaye, ya ce kaya na jiran sa, ya wuce. Tela na shagon kusa yana gaishe ki, ya ce har yau bai yafe miki almakashinsa da kika yanka kwaɓin fulawa da shi kina ƙarama ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na tattaro nawa-i-nawa na dawo ɗakin saman shago, saboda Babanki ba ya jin daɗi. Kada hankalinki ya tashi. Gyambo ne a maƙogwaro, muna zuwa asibiti ana yi masa wani abu da suke ce wa gashi, da na'ura ake haska wurin. Ga kuma tsohon ciwon sukarinsa da kika sani. Likita ta zaunar da mu ta jero mana: ba barkono, ba sukari, ba tsami mai kaifi, ba soyayyen abu. Yaya, wato Babanki, ya saurare ta har ta kai ƙarshe, sannan ya ce mata, "'Yar nan, ai sana'ata ce kika karanto."

An rufe shagon abincinsa. Madambatan nan an kife su kan juna a bayan kanta, sandar murza fulawa tana rataye inda kika san ta. Da safe masu zuwa aiki sukan tsaya su leƙa ta gilas, sai in ɗaga labule daga sama in yi musu alama da hannu.

Matsalar ita ce ba ya cin abinci. Nakan yi masa 'yan ƙullin nan nasa na fulawa masu nama a ciki, irin waɗanda yake sayarwa, in murza fulawar ta yi fayau, in niƙa naman ya yi laushi, in turara su har sai sun kusa narkewa, yadda ba za su karce shi ba. Sai ya kalli faranti, ya nemi ɗan kwanon miyar dangwalawa a gefe, ya ga babu, ya ture. Kin san shi. Tun kafin a haife ki bai taɓa kai loma baki ba tare da jar miyar nan tasa mai zaƙi da yaji ba. Ya ce ƙulli ba miya kamar haɗiyar safa ne.

Ke da kike aiki a kicin, cikin mutanen da suka yi karatun girki, ki tambayar mana. Akwai abin da zai yi zaƙi ba sukari, ya yi yaji ba barkono? Ko kama ce ya yi, ya ruɗi idonsa ya ci loma biyar. Ni iyakar sanina na gwada, har tumatir zalla na dafa masa, ya ce ko na ɗauka shi jariri ne.

Ki rubuto da wuri. Allah ya yi miki albarka.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bayan kicin kusa da kwandunan shara, don nan ne kaɗai ba a ƙwala mini kira. Ina lafiya, sai gajiyar tsayuwa. Sannu da gwiwa. Ki daina hawa da sauka, ki ɗaura igiya a kwando ki zuro ta taga, tela ya riƙa sa miki cefane. Ki gaishe shi, ki ce almakashin nan tun asali ba ya ci.

Goggo, ba wurin manyan masu girki nake ba kamar yadda kike zato. Gidan kula da tsofaffi ne. Kusan duk abin da muka dafa sai ya bi ta injin markaɗe kafin ya fita, kuma gishiri ma da awo ake sa shi. Amma wannan ya sa na san irin matsalar Baba. Na tambayi uwar kicin ɗinmu, na kuma yi ta gwaji a ƙaramar tukunya bayan an gama rabon abincin rana. Ga wanda ya fi kama da nasa.

Ki samu jan tattasai mai kauri, wanda ba shi da yaji ko kaɗan. Ki gasa shi a kan wuta har bayansa ya yi baƙi, ki rufe shi a kwano ya yi gumi, ɓawon zai sule da kansa. Wannan gashin shi zai ba da ƙanshin hayaƙi da launin da Baba ya sani. Zaƙin kuwa daga tuffa zai fito: ki fere guda, ki dafa da ɗan ruwa har ta zama kamar kunu. Ki haɗa da tattasan ki tace a rariya. Yaji shi ne mai wuya. Ki yanka citta siririya, ki jefa cikin miyar tana kan wuta, da kin ji ƙanshinta ya tashi ki tsame ta. Ɗumi kawai muke so ta bari, ba zafi ba. Ki zuba masa a ɗan kwanonsa mai tsagaggen baki, kada ki canza kwano. Kuma kada ki ce masa "madadi" ce. In ya tambaya ki ce daga wurina take.

Yanzu ni ma ina da tambaya. A gidan nan akwai waɗanda mota ke zuwa ɗauka a kai su gashi, ni ke haɗa musu abincin dawowa. Na san irin ciwon da ake yi wa gashi, ba gyambo ba ne. Na yi ta juya takardarki ina neman sunan ciwon ban gani ba. Ni ba yarinya ba ce, Goggo. Ki faɗa mini sunansa, ki faɗa mini abin da likita ta ce da bakinta.

Na shigar da takardar neman hutu. Ki riƙe mini hannun Baba ki ce ina gaishe shi.

'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya. Mu ma mun gode Allah. Gwiwa tana nan yadda take. Shawarar kwando ta yi, sai dai ranar farko igiyar ta kuɓuce, albasa ta watse a titi, yara suka yi ta bi.

Tunda kin tambaya: daji ne. Likita ta ce an makara wajen zuwa, amma za a yi iya yi. Yaya ne ya hana ni rubuta sunan, ya ce kina can ke kaɗai, ba mai dafa miki kafaɗa. Na ɗauka in ban rubuta shi ba zai rage girma.

Miyarki na yi ta. Rabin yini na kashe a kanta, tattasan farko ya ƙone ƙurmus, sai da na sake. Da na tace ta fito ja wur, ni kaina sai na ga kamar tasa. Na zuba a kwanon da kika ce, na jera masa ƙulli huɗu. Da ya gani ya tashi zaune da kansa, ya ce in miƙo masa hularsa. Wallahi Auta, rabon da in ga hasken nan a idonsa tun kafin mu fara zuwa asibiti. Ya dangwala, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Sai ya ajiye sauran rabin ya ce, "Wannan ruwan wanke tukunya ne." Na ce daga wurinki take. Can ya ce to ki ƙara koyo.

Ni na ɗanɗana, kuma a bakina ba ta da laifi. Tela ya cinye sauran ƙullin har yana suɗe kwano. Amma kin san bakin ubanki, mutumin da ke gane an sauya mai sayar masa da tafarnuwa daga loma ɗaya.

Ramar ta yi yawa. Na kai wa tela wandunan Babanki biyu ya rage ƙugu, ya rage, bayan ɗan lokaci na sake mayar masa. Wannan karon ya karɓa ya juya mini baya yana neman zare. Madara kawai ke wucewa, ita ma da lallashi. In na matsa masa sai ya ce a ba shi miyarsa ta gaskiya cokali ɗaya zai cinye faranti. Ni kuma in na tuna fuskar likita sai in kasa.

Ki sake nemo wata dabara. Ya maganar hutu? Yakan tambaya ko kin sa rana. In mai kawo wasiƙu ya tsaya a ƙofa, kafin in sauka ya riga ya gyara zama.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggona,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, da fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta sunan ciwon abinci ba ya shiga mini sosai. Na san shi tun kafin ki rubuta, amma ganinsa da rubutun hannunki daban ne.

Maganar hutu ba daɗi. Uwar kicin ta yarda, amma takardar izinin zamana a ƙasar nan ta ƙare, tana ofishin da ke sabuntawa tare da fasfona. Na je na yi layi, na yi wa matar da ke bayan gilas bayani. Ta ce ta tausaya mini, amma in na karɓe fasfon yanzu an soke neman ke nan, kuma in na fita ba dawowa. Na tambaye ta yaushe zai fito, ta ɗaga kafaɗa. Na fito na zauna a tashar mota, motata ta zo ta wuce ina kallo.

Na sake gwada wata miyar. Ina jin kuskurena na farko shi ne na bi launi na bar nauyi. Miyar Baba tana da danƙon ƙonannen sukari, tana kama harshe. Wannan karon da tafarnuwa za a fara: a gasa kanta guda cikin ɓawonta har ta yi laushi, zafinta zai mutu ta koma zaƙi. A haɗa da albasa da aka dafa a hankali har ta yi ruwan ƙasa, da dabino ƙwaya ɗaya jiƙaƙƙe, da soyayyen riɗi da aka niƙa, da kanumfari guda don ɗumi. Akwai wani tsoho a nan, mai gyaran agogo ne a da, ya daina cin komai tun da matarsa ta rasu. Na yi masa 'yan ƙulli irin na Baba na ba shi da ita, ya ci uku, ya kama hannuna yana tambayar sunan mahaifina. Na koma kicin na yi kuka a kan tukwane.

Na rubuta miki awon komai da manyan baƙaƙe a takarda daban, ki manna ta a bango kusa da murhu don kada ki yi ta neman tabarau.

Goggo, ni ba na son in ga Baba yana ƙarewa ta cikin takarda, ina nan ina ɗura wa iyayen wasu abinci a baki. So nake in gan shi da idona, in zauna a bakin gadonsa, ko zagin miyata ne ya yi in ji da kunnena. Ki gaya masa ranar da fasfon nan ya shigo hannuna, a ranar zan nemi tikiti. Ki ce ya jira ni, ya ci ko don ni.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna nan. Gwiwa da sauƙi. Jikin Babanki sai addu'a.

Na daɗe ban rubuto ba, da gangan ne. Na bari zuciyata ta huce don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Ba ta huce ba, amma ga shi.

Kin san ba ya bari in karanta takardarki ni kaɗai tukuna. Yadda na farke ambulan haka nake karanta masa, layi bayan layi. Na karanta masa labarin ofis, ya ce Allah ya kyauta. Na karanta na mai agogo, har ya yi murmushi. Sai na iso ƙasan takarda na ji bakina yana cewa, "Goggo, ni ba na son in ga Baba." Nan rubutunki ya tsaya. Ba sallama, ba sa hannu. Na duba ambulan, ba komai sai takardar awon miya.

Ya ce in maimaita. Na ƙi. Ya ce ai ya ji. Ya juya fuskarsa bango, can ya ce kin yi gaskiya, shi ma ba ya son ganin kansa. Washegari ya sa na sauke madubin ɗakin. Ya ce kada in ƙara yi miki maganar zuwa, a bar ki da hoton da kike da shi a ranki.

Na san ganin mara lafiya da wuya. Ni da nake wanke shi na fi kowa sani. Amma akwai abin da ake bari a ciki, ba a sa shi a takarda. In ma maganar fasfon hanya ce ta zamewa, da kin tsaya a kanta, da ta ishe mu.

Miyar na yi ta yadda kika rubuta, takardar tana manne a bango. Ya taɓa da bakin ƙulli, ya ce ba laifi, ya ture. Bai ƙara tambayar mai kawo wasiƙu ba.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ku, Allah ya sa takardar nan ta same ku da sauƙi. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Don girman Allah ki ajiye wannan, ki tashi ki ɓamɓaro takardar miyar daga bango, ki juya bayanta. Sauran maganata tana can. Takarda ce ta cika mini a tsakiyar zance, ba ni da wata a kusa, sai na ƙarasa a bayan ta awon miyar. Ni da hannuna na ce ki manna ta, na manta abin da ke bayanta. Duk tsawon lokacin nan da nake zuba ido ina cewa ko wasiƙa ce ta ɓata a hanya, ashe Baba yana kwance da wannan magana a ransa.

Abin da na rubuta shi ne ba na son in ga yana ƙarewa ta cikin takarda ina nesa. Na ce so nake in gan shi da idona. Na ce ya jira ni. Ki karanta masa daga waccan takardar, ba daga wannan ba, don kada ya ce gyara na yi daga baya. Ki nuna masa rubutun ya gani da kansa. Ki mayar da madubin ko kada ki mayar, amma ki gaya masa ko ya koma ƙashi da fata ni Babana nake son gani.

Fasfo bai fito ba. Ina zuwa ofishin duk ranar da ba ni da aikin safe, har mai gadin ya san ni.

Akwai wata magana kuma. Na ba wata nas ta gidan nan labarin Baba, wadda ta daɗe tana jinyar irinsu. Ta tambaye ni nauyinsa da abin da yake iya haɗiya, na faɗa mata yadda kika rubuto. Sai ta ce in sa ki tambayi likita kai tsaye ko har yanzu akwai amfanin hana shi abin da yake so. Ban so jin haka ba, na gane abin da take nufi. Amma ki tambaya, Goggo. In likita ta yarda, ki bar duk dabaruna, a yi masa miyarsa ta gaskiya, da attarugunta da sukarinta. Na gaji da yi masa kama.

Ki rubuto a ranar da kika samu wannan, ko layi biyu ne.

Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yafe mini, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Gwiwata ba ta cikin lissafi yanzu.

Na ɓamɓaro takardar. Da kwaɓin fulawa na manna ta, ga tururin murhu ya bi ta, sai rabin rubutun ya zauna a bango. Abin da ya rage na haɗa da wanda kika aiko na karanta masa sau biyu. Sai dai an ƙara masa maganin ciwo mai sa barci, idonsa a buɗe amma ba kullum yake tare da mu ba. Na kai takardar gaban fuskarsa. Ya kalla, ya ce "To." Ban san ko "to" ɗin na ganewa ba ne.

Na tambayi likita. Ta daɗe tana kallon takardun gabanta, sannan ta ce ya ci duk abin da ransa ke so. An kuma dakatar da gashin.

Da na gaya masa, ranar ya wartsake kamar ba shi ba. Ya ce ba wanda zai yi masa miyarsa a sama, a sauke shi shago. Aka yi sa'a yayanki yana gari, shi da tela suka ɗauko shi a kan kujera. Yayanki ya ce mini daga baya kujerar ta fi shi nauyi. Muka buɗe ƙofa, muka share kanta, aka zaunar da shi kusa da murhu. Hannunsa ba ya iya riƙe ludayi, ni ke juyawa shi yana ba da umarni. Ya sa na ƙona sukari har ya yi launin shayi, ya ce in saurari ƙarar tukunya kafin in zuba attarugu. Da yajin ya tashi duk muka hau tari, tela ya gudu waje yana share ido. Mutanen titi suka fara taruwa a ƙofa, sun ɗauka an sake buɗewa. Yaya yana ɗaga musu hannu.

Na turara masa ƙulli ƙanana. Ya dangwala sosai, ya sa a baki. Muna tsaye muna kallon sa. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, na ga yadda zafin ya bi masa wuya har jijiyoyi suka tashi. Sai ya ce na yi rowar barkono. Na ƙara. Ya ce sukarin ma bai ji ba. Ya karɓi cokali ya ɗebi miyar zalla ya sa a harshe, ya rufe ido. Ni na lasa kaɗan, hawaye suka zubo mini don yaji. Miyarsa ce, Auta, ba abin da ya rage mata.

Ya buɗe ido ya tambaye ni, "Akwai ɗanɗano?" Na ce akwai. Ya tambayi yayanki, ya ce akwai, Baba. Ya ajiye cokalin a hankali ya ce, "To ba miyar ba ce. Bakin ne ya mutu."

Ashe tun farkon gashin komai kamar jiƙaƙƙen kwali yake ji, shi kuma ya ɗora laifin a kan rashin miyarsa. Yana ta jiran ranar da za a ba shi ita komai ya dawo. Ya kalli tukunyar, sannan ya ce, "Na ce wa abin yarinya ruwan wanke tukunya." Ya ce in rubuta miki cewa miyarki ba ta da laifi, wataƙila ma ta fi tasa, shi ne ba shi da abin ji.

Ya sa aka raba wa mutanen ƙofa sauran ƙullin da miyar, aka mayar da shi sama. Tun ranar bai sake neman komai ba. Da, ko faɗa yake yi da ni a kan abinci. Yanzu in na kawo sai ya ce na gode, ya rufe ido.

In da hali, ki zo.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggona,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya saka miki. Ina gaishe da Baba, da yaya in yana gari, da tela. Ba abin yafewa tsakanina da ke.

Fasfo ya fito. Na karɓo shi yau da safe, daga ofishin na wuce wurin masu tikiti ko gida ban koma ba. Farkon watan gobe zan taso, shi ne mafi kusa da na samu. Uwar kicin ta ce in tafi, in na dawo na dawo. Ki gaya wa Baba ina hanya. Ki faɗa masa da safe kafin a ba shi maganin, lokacin da hankalinsa ke tare da shi.

Kafin in iso ga abu ɗaya da za ki gwada. Nas ɗin nan ta ce in harshe ya daina ji, wani lokaci hanci da fatar baki suna nan. Sanyin na'a-na'a ba ɗanɗano ba ne, ji ake yi kamar iska. Ki daka ganyenta kaɗan da kindirmo mara tsami, ki kankare ɓawon lemun zaƙi a kai don ƙanshi, ki ɗiga zuma tunda yanzu an yarda. Miyar ta yi sanyi, ƙullin ya yi ɗumi, ko bai ji daɗi ba zai ji bambancin biyun a bakinsa. Ki fara kai masa kwanon hanci kafin baki. Ba ta kama da tasa ko kaɗan, wataƙila hakan ya fi, ba abin da zai kwatanta ta da shi.

Goggo, abu ɗaya ke hana ni sukuni. Kin ce ya ce "To." Daga baya ya sake tada maganar? Ya gane cewa ban taɓa cewa ba na son ganin sa ba? Ki sake karanta masa, ko sau goma ne. In na iso zan faɗa masa da bakina, amma ina so ya sani tun yanzu.

Sai na zo.

'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma ina roƙon ki zauna kafin ki ci gaba. Na ba wani abokin yayanki wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, don ta riga ranar tasowarki.

Allah ya yi wa Babanki rasuwa. Da hantsi ne, ina shafa masa ruwa a leɓe, tela yana zaune a bakin ƙofa. Bai sha wahala a ƙarshe ba, numfashin ne ya yi ta raguwa har ya tsaya. An kai shi, mutanen titin nan kaf sun raka shi, har waɗanda ban san suna cin ƙullinsa ba. Takardarki ta iso bayan an share makoki. Na farke ta a bakin gadonsa don na saba.

Kin tambaye ni ko ya gane. Na kwana biyu ina tunanin in rubuta miki "e" in huta, ke ma ki huta. Amma ɓoye-ɓoye da karatun rabi sun ishe mu haka. Ban sani ba, Auta. Na sake karanta masa ba sau ɗaya ba. Wata rana ya ce in buɗe taga, wata rana ya yi barci ina tsakiyar layi. Sunanki ya kira sau da yawa, amma ban iya gane ko kira ne na jira ko na sallama ba. Abin da na tabbata shi ne saƙon da ya ba ni game da miyarki, da hankalinsa ya faɗe shi.

Maganar zuwa, ke za ki yanke. In kin zo ɗaki yana nan, ban taɓa komai nasa ba. In kin ga ki mayar da tikitin ki riƙe aikinki, ba mai ganin laifinki, ni dai ba zan gani ba. Yayanki yana maganar a bar wa tela shagon ya faɗaɗa nasa. Na ce a jira jin bakinki.

Jiya na rasa abin yi da hannuwana. Na sauka shago, na kunna murhu, na murza fulawa kaɗan. Na aika aka sayo na'a-na'a da lemu, na haɗa miyar nan ta ƙarshe yadda kika rubuta, har da kai kwanon hanci kafin baki. Na zauna a kanta ni kaɗai, ƙofa a rufe, na ci.

Ta yi daɗi, Auta. Na ɗaga kai in faɗa, ba kowa, shi ne na ce bari in rubuta miki.

Goggonki